MASU ƘULLA ABINCI A LEDA, KU RIƘA GWADA LIƘINKU KAFIN KU KAI MANA KASUWA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma don Allah duk mai sayen garin kunu, yaji, dambun nama, kilishi ko madarar gari a leda, da duk mai sana'ar ƙulla su, ya daure ya karanta har ƙarshe. Kwana huɗu ke nan ina haɗiye maganar, yau dai na ga shirun ba zai yi ba.

Wanda ya san ni ya san ina da ɗan shagon kayan masarufi a unguwa. Abin da da yawanku ba su sani ba shi ne, kafin shagon na yi shekara 11 a wani kamfanin sarrafa abinci a Bompai, a sashen duba ingancin kaya, har ranar da kamfanin ya durƙushe aka sallame mu. To abin da zan faɗa ba a waya na gani ba, aikin da na ci abinci da shi ne.

Farkon watan Agusta, damina ta zauna sosai, na sari katan biyar na garin kunun yara daga wani ƙaramin kamfani na nan gida. Gero ne da waken soya da gyaɗa. Leda mai sheƙi, hoton jariri ɓul-ɓul, ga lambar rajista, ga ekspaya saura wata goma. Wallahi har alfahari na yi. Duk matar da ta zo neman na waje mai tsada sai in ce mata ga na gida nan, ya fi sauƙi, kuma namu ne.

Bayan kamar sati biyu wata makwabciyata ta zo da safe, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ɗora min leda a kan kanta ta ce, "Alhaji, dubi abin da ka sayar min." Na leƙa ciki. Garin ya dunƙule daga ƙasa, ga fumfuna kore-kore a kusurwa ɗaya, ga wani irin wari. Ta ce kwana biyu tana dama wa yaronta ɗan wata takwas daga na saman ba ta lura ba, sai da ta kai ƙasa. Yaron ya kwana a asibiti, gudawa, har da ƙarin ruwa. Alhamdu lillahi ya warware. Ba zan rantse garin ne ya kwantar da shi ba, don ba a kai shi gwaji ba. Amma ni na san abin da na gani, kuma na san daga hannuna ya fita zuwa bakin yaron nan.

A ranar na kwashe sauran na tafi kamfanin. Manajan, wani matashi mai fara'a, ya ba ni kujera ya saurare ni, sannan ya ce, "Baba, matsalar daga ajiyarku ce. Mu injinmu sabo ne, kuma muna da lambar NAFDAC. Ka duba da kanka, ina ledar ta fashe?" Na ce masa, "Ɗana, da me kuke gwada liƙin?" Ya ce ai yaran da ke kan injin suna dubawa, suna ɗan matsawa da hannu. Na ce ban da wannan fa? Ya yi murmushi ya ce, "Baba, liƙi ai a ido ake ganinsa."

Wannan maganar tasa ce ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin rubutun nan. Don ba shi kaɗai ba ne, akasarin masu wannan sana'a haka suka ɗauka. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a kan liƙin leda ido bai san kima ba. Kaurin gashin kai ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ƙwayar cuta kuwa ta fi gashin nan sirantaka sau gommai. Danshi da iska ma ba a maganarsu, ko ta ina shiga suke. Hanya siririya kamar gashi a cikin liƙi ba za ka gan ta ba, in ka matsa da hannu ma ba lallai ka ji komai ba, amma ta ishi danshin Agusta ya yi ta shiga dare da rana har gari ya jiƙe.

Kuma akwai hanyar gano ta, ba wani sihiri ba ne. Kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa gaban mai faci. Ya hura wa tif iska, ya tsoma shi a ruwa, inda kumfa ta taso nan hudar take. Injin gwajin leda shi ma dabarar ke nan, sai dai an juya ta. Tunda ba ka da hanyar hura iska cikin ledar da aka riga aka liƙe, sai ka zuƙe iskar da ke kewaye da ita.

Ga yadda abin yake. Akwati ne na roba mai kauri, garai-garai kamar gilashi, ana zuba masa ruwa. A saka ledar a ciki, a danne ta da wani faranti don ta nutse, a rufe murfi. Akwai ɗan inji mai zuƙe iskar da ke saman ruwan, da agogon awo da ke nuna yawan abin da aka zuƙe. Da zarar iskar waje ta ragu, iskar da ke cikin ledar sai ta fi ƙarfi, ledar ta kumbura tim, iskar tana neman mafita. A riƙe haka kamar sakan 30 ana kallo. In liƙi ya yi kyau, leda za ta kumbura ta tsaya, ruwa shiru. In akwai huda, za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere daga wuri ɗaya, ba yankewa. In kuwa ledar ta ƙi kumbura sam, to hudar babba ce, iskar ta riga ta fice. Bayan an saki iska a buɗe ledar, in ruwa ya shiga ciki nan ma ta faɗi. Wannan gwaji yana da rubutacciyar ƙa'ida da masana'antun duniya suka sani, lambarta ASTM D3078, duk mai so ya nema ya karanta.

Akwai wani tsohon yarona da har yanzu yake aiki a wani kamfani mai irin akwatin nan. Na roƙe shi, ya nemi izinin ogansa, muka shiga da leda ashirin daga cikin waɗanda suka rage min. Na zaɓi masu kyau a ido, waɗanda in aka ba ni Alƙur'ani a lokacin zan iya cewa lafiyarsu ƙalau. Bakwai suka yi kumfa. Shida a cikinsu daga liƙin sama ne, daidai inda garin ya maƙale tsakanin ɓangarorin ledar biyu lokacin da ake liƙewa. Ɗaya kuma daga wata 'yar tattara ce a kusurwa. Na tsaya ina kallon kumfar nan tana tashi, ina tuno fuskar matar nan.

Wanda bai yi aikin ba zai ce to yaya sabon inji zai yi liƙin banza? Inji ba ya tunani. Liƙi mai kyau yana buƙatar abu uku su daidaita: zafi, ƙarfin dannawa, da tsawon lokacin da aka danna. Zafi ya yi kaɗan, leda ta manne sama-sama. Ya yi yawa, ta ƙone ta yi rauni a gefen liƙin. To ku tuna a wace ƙasa muke. Ana cikin aiki NEPA su ɗauke, a tayar da janareta, ƙarfin wuta ya canza, zafin ƙarfen ya canza, yaron da ke kai bai sani ba yana ta zuba kaya a katan. Ga ƙurar gari da ke kwanciya a bakin leda. Ga man dambun nama da na ƙuli-ƙuli da ke shafar wurin liƙi. Ga kilishi mai kaifin gefe da ke huda leda daga ciki in an danne shi a buhu. Ga ƙyallen da ke kan ƙarfen liƙin wanda yake cinyewa a hankali ba a canzawa. Ga sabon nadin leda da aka sayo mai araha, kaurinsa ba ɗaya da na jiya ba. Kowanne ɗaya a cikin waɗannan ya isa ya ɓata liƙi. Shi ya sa a inda na yi aiki muke gwadawa da safe kafin a fara, mu gwada in an canza leda, mu gwada in wuta ta ɗauke ta dawo, sannan lokaci-lokaci a ciro kaɗan daga layi a gwada, a rubuta a littafi. In aka samu matsala, duk abin da aka ƙulla tun daga gwajin baya sai an tsare shi. Kuma ledar da aka gwada a ruwa ba ta komawa cikin kayan sayarwa.

Me yake faruwa in iska da danshi sun samu hanya? Gari ya jiƙe, fumfuna ta samu gida. A kan gyaɗa da masara akwai wata irin fumfuna da ke fitar da guba mai suna afilatoksin, wadda likitoci suka tabbatar tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma tafasa kunu ba ya kashe ta. Abinci mai maiƙo kuwa, in iska ta daɗe tana shiga, man yana lalacewa, ka ji yana maƙaƙi a maƙogwaro. Ranar ekspaya da aka buga a jikin leda an lissafa ta ne bisa sharaɗin leda a rufe take ruf. In akwai huda, wannan kwanan watan ya zama ado kawai.

Kuma kayanmu ba a shago ɗaya suke zama ba, tafiya suke yi. Wanda ya taɓa ɗaukar ledar biskit daga Legas zuwa Jos ya ga yadda take kumbura a hanya. Dalili shi ne Legas a bakin teku take, Jos kuwa tana sama da mita 1,200, nauyin iska ya ragu a can. A jirgin sama abin ya fi haka. Wato tafiyar da kanta gwajin zuƙe iska ce. Bambancin kawai, in liƙi ya saki a cikin akwatin gwaji kai kaɗai ka gani, in ya saki a hanya kuwa mai saye ne zai gani, ya ɗauki hoto ya watsa.

Na san abin da za a ce a ƙarƙashin rubutun nan, bari in amsa tun yanzu.

Za a ce tsada. Dala ta hau, man janareta ya hau, leda ta hau, ina kuɗin sayen injin gwaji? Na yarda ana cikin wani hali, ni ma ɗan kasuwa ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Mutumin da ya biya mai zane ya tsara masa hoton leda, ya biya 'yan TikTok su yi masa talla, ya riƙe iPhone a hannu, shi ne zai ce akwatin roba da ɗan injin zuƙe iska sun fi ƙarfinsa? Irin injin nan masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki suna yawo da shi a bayan babur. Kuma in mutum ɗaya ba zai iya ba, me ya hana mutum goma su haɗa kuɗi su ajiye ɗaya a wuri guda? Adashe muke yi na biki da na Sallah, na wannan ne ya gagara? Jami'ar Bayero da ta Wudil suna koyar da kimiyyar abinci, ɗaliban da suka gama suna nan a gida ba aiki, ku ɗauki ɗaya ya riƙa yi muku. Gargaɗi ɗaya dai: kada wani ya ɗauko kwalba ko siririyar roba ya ce zai haɗa nasa. Iska tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya. Murfi mai faɗin santimita 30 da tsawon 30, in aka zuƙe iskar ƙarƙashinsa duka, nauyin kusan kilo 900 ne a kansa. Zai iya tarwatsewa a fuskar mutum. A nemi wanda aka ƙera don aikin.

Za a ce muna da lambar NAFDAC. Madalla, haka ya kamata. Hukumar nan tun 1993 aka kafa ta, kuma waɗanda suka ga zamanin marigayiya Dora Akunyili sun san abin da lambar nan ta hana shiga cikinmu. Amma lambar shaida ce cewa an duba wurinka da samfurin kayanka lokacin rajista. Babu jami'in da zai tsaya kan injinka ranar Talata da azahar sa'ad da wuta ta yi ƙasa. Lasisin tuƙi ba ya taka wa direba birki. Amanar kullum a wuyanka take.

Za a ce Alhaji yana son karya wa 'yan uwa kasuwa, maimakon ya tallafa wa na gida. Jama'a, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni da na cika shagona da kayan gida, na riƙa hana mata sayen na waje, ni ne maƙiyin na gida? Abin da ke karya kasuwar na gida shi ne uwar da ta buɗe leda ta ga fumfuna. Ita ba za ta rubuta komai a Facebook ba. Za ta gaya wa 'yan uwanta da 'yan Islamiyyarsu, daga ranar kuma ko bashi za ta ci sai ta sayi na gwangwani ɗan waje. Kuma ba kamfani ɗaya za ta guda ba, duk wani garin kunu na gida ta gama da shi, har da na waɗanda suke aikinsu tsakani da Allah.

Za a ce iyayenmu a takarda da ganye suka sayi kilishi da yaji ba abin da ya same su. Gaskiya ne. Amma mai kilishin da ya naɗe maka a takarda bai yi maka alkawarin wata goma ba. Ka saya, ka gani, ka shinshina, ka ci a kwana biyu. Ranar da ka sa abinci a ledar da ba a ganin ciki, ka liƙe, ka buga kwanan wata, ka hana mai saye amfani da idonsa da hancinsa, ka ce ya yarda da kai. Wanda ya karɓi wannan yardar dole ya san abin da yake sayarwa.

Ba masu gari kaɗai nake nufi ba. Ku dubi fiya wata. Mun saba da ɗaukar jaka mu ji ta jiƙe sharkaf har mun ɗauka haka Allah ya yi ta. Jakar da ta jiƙe, akwai ledar da ke yoyo a ciki. Waɗannan ledoji su ake jefawa cikin kula da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, hannu goma na shiga yana fita, sannan mu sa haƙori mu yage. Ita leda mai ruwa, da yake babu iska sosai a cikinta, gwajin kumfa bai cika yi mata aiki ba. Ana danna ta ne da nauyi na wani lokaci a ga ko za ta tsatso, ko a sa ta a busasshen akwatin zuƙe iska a kan farar takarda a ga ko takardar za ta jiƙe. Katin ƙwayar magani kuwa ana nutsa shi cikin ruwa mai shuɗi kamar bula, a zuƙe iska a saki, sannan a ɓare a duba ko shuɗin ya shiga wajen ƙwayar. Manyan kamfanonin magani suna da injin da ma ba ya buƙatar ruwa: ya zuƙe iska ya rufe, ya auna ko iska tana dawowa daga cikin kayan, kuma yana kama hudar da gwajin kumfa ba zai kama ba. Ban ce mai yaji ya sayi wannan ba. Kowa da daidai wuyansa. Amma mafi ƙanƙantar gwajin ma ba ma yi.

Mu ma masu saye da masu shaguna da namu laifin. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mutum ya sayi abu ya ga ya lalace, sai ya ce Allah ya isa a zuciyarsa ya jefa a shara. Mai kamfani bai ji ba, bai gani ba, gobe ya sake. Ni kaina da na san aikin nan, na sari katan biyar ban tambayi komai ba saboda leda ta yi min kyau kuma farashi ya yi min daɗi. Wannan laifina ne, na kuma je har gida na ba wa makwabciyata da maigidanta haƙuri, na biya abin da suka kashe a asibiti.

Daga yau ga abin da na ɗaukar wa kaina, wanda ya ga zai iya ya bi. Duk wanda ya kawo min kaya a leda zan tambaye shi da me yake gwada liƙi, kuma ina son ganin littafin da yake rubutawa. Ba lambar rukunin da aka ƙulla tare a jiki, ba na karɓa, don in matsala ta taso ba a san wanne za a janye ba. Ku kuma iyaye mata, kafin ku biya ku duba layin liƙin: in kun ga tattara, ko gari a cikin layin, ko maiƙo a wajen leda, ku ajiye. Ku matsa ledar a hankali ku ɗan riƙe, in tana saɓulewa tana yin laushi, iska na fita. Wannan manyan huda kawai yake kamawa, amma ya fi babu. In kun buɗe, ku juye garin duka a mazubi mai murfi ku ga ƙasansa kafin ku dama wa yaro. In kun ga ɓarna kada ku zubar, ku ɗauki hoto, ku mayar wa mai shago da ledar. In an raina muku hankali, akwai NAFDAC, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya wato FCCPC, jihar Kano ma tana da tata.

Ban ambaci sunan kamfanin ba, kuma don Allah kada a matsa min a inbos, ba zan faɗa ba. Na tura wa manajan bidiyon kumfar nan. Jiya da daddare ya kira ni, muryarsa ta sauka, ya ce, "Baba, ina ake samun akwatin?" Na gaya masa abin da na sani. Na kuma tambaye shi sauran katan-katan da suka riga suka shiga kasuwa fa, ya za a yi da su? Ya yi shiru, ya ce zai yi magana da mai kamfanin. Har yanzu ina jiran amsa, kuma kayan suna nan a kan kantoci ana saye.

In kana da 'yar uwa ko aboki mai wannan sana'a, ka tura masa rubutun nan, ba don cin fuska ba. Wanda kuma yake gwada kayansa ya faɗa mana a ƙasa mu san shi, ni zan fara saye a wurinsa.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya ba mu ikon riƙe amana.